Yadda Majalisar Jamus Ta Sallama Ikonta

Mulkin jama'a, watau dimokuraɗiyya, ba kullum da bindiga a kan kashe shi ba. A Jamus da takarda aka yi.

Ran 30 ga Janairu, 1933, aka naɗa Hitila shugaban gwamnati bisa ƙa'ida. Ran 27 ga Fabrairu gidan Majalisa ya ƙone. Kashegari aka soke 'yancin jarida da na taro, aka ba 'yan sanda ikon tsare mutum ba tare da kai shi gaban alƙali ba. Nan ne babbar ɓarna, gama wanda alƙali ba ya iya ceto, ba shi da bakin musu.

Ran 23 ga Maris Majalisa ta ba gwamnati ikon yin doka ba da saninta ba: 444 suka yarda, 94 suka ƙi. Wakilan Kwaminis 81 kuwa babu ko ɗaya a zauren, waɗansu na kurkuku, waɗansu sun gudu.

Sauran aiki a ofis aka ƙarasa shi. A Afrilu aka shiga korar Yahudawa daga aikin gwamnati, malaman ofis ne kuwa suka shirya takardun. A Yuli aka haramta kowace jam'iyya sai ta Hitila. A 1934 ma'aikata suka yi rantsuwar biyayya gare shi, shi kansa.