Yadda Ake Zama Manajan Dandamali: Fara da Kundin Wasa

Duk wasan kwaikwayon da aka yi a gaban jama'a aka tashi lafiya, akwai mutum guda a bayansa da 'yan kallo ba su gani ba. Shi ya san minti nawa fitowa ta uku take ci, wa zai shigo da buta ta ƙofar hagu, da kalmar da za a faɗa kafin a kashe fitila. Darakta yana gina wasa ne a lokacin gwaji, amma ranar da aka buɗe wa jama'a ƙofa ragama ta koma hannun manajan dandamali. A Amurka, ƙungiyar Actors' Equity da aka kafa a 1913 tana kare haƙƙin manajojin dandamali tare da na 'yan wasa, a Ingila kuma suna da ƙungiyarsu ta kansu tun 1954. A wajenmu aikin yakan faɗa kan wanda bai samu fitowa a wasan ba, a ce masa ya riƙa kula da kaya. Ni a ganina wannan asara ce, domin aikin sana'a ne da ake koya, kuma abin da ake gina shi a kai shi ne rubutu. Abin da ke kanka kaɗai ba ya cikin wasan tukuna, sai ranar da ya shiga takardar da wani zai iya karantawa ya yi aiki da ita.

Mafari shi ne ka shiga a matsayin mataimaki, kada ka nemi shugabanci tun ranar farko. Wuraren koyo suna nan: sassan nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero ta Kano, hukumomin raya al'adu na jihohi, ƙungiyoyin wasa na unguwa da na makarantu, da masu wasannin wayar da kai a ƙauyuka. A Nijar akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda a Yamai. Ka nemi a bar ka ka share dandamali, ka jera kayan wasa, ka tsaya bayan labule da tocila. Wanda bai taɓa canza shimfiɗar ɗaki a cikin duhu ba, ba zai san cewa daƙiƙa talatin ba ta isa a fitar da gado a shigo da tabarma ba, kuma zai yi ta ba da umarnin da ba ya yiwuwa.

Da zarar an damƙa maka wasa, abu na farko shi ne haɗa kundi. Ka samu fayil mai zobe, ka buga rubutun wasan a fuska ɗaya ta takarda, ta yadda kowane shafi na magana zai fuskanci farin shafi. A farin shafin nan za ka rubuta motsin 'yan wasa: wane ne ya tashi, ina ya nufa, a kan wace kalma. Ka sa lamba a kan kalmar, ka maimaita lambar a farin shafi tare da bayanin motsin. Da fensir ake yi, ba da biro ba, saboda darakta zai canza ra'ayi gobe, kuma haƙƙinsa ne ya canza. A gaban kundin ka sa sunaye da lambobin wayar kowa, jadawalin gwaji, da taswirar dandamali. A bayansa ka sa jerin kayan wasa da sutura, kowane abu da fitowar da ake buƙatarsa, da wanda zai shigo da shi, da wanda zai fitar. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa: kowa yana tuna wanda ya shigo da ƙwarya, ba wanda ya tuna cewa tana nan tsakar dandamali lokacin da labari ya koma fada. Taswirar kuma kada ka raina ta. Gidan wasan da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Hausa, ba dama da hagu kaɗai yake da su ba. Ɗan wasa na iya ɓullowa ta wurare da dama, wani lokaci ta tsakiyar 'yan kallo. A irin wannan wuri sai ka ba kowace mashiga suna ko lamba, kowa ya haddace.

A nan wani zai ce wannan tsari na Turawa ne, mu wasanninmu ba a rubuce suke ba. Akwai gaskiya a ciki. Ko da yake muna da rubutattun wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, yawancin ƙungiyoyi sun saba a zauna a tsara labari, a raba fitowa, kowa ya ƙago maganarsa a kan dandamali, kuma da wannan hanya aka samu gwanayen da har yau ake tunawa da su. Amma wannan dalili ne na ƙara rubutu, ba na ragewa ba. Inda magana take a rubuce, ko manaja ya yi sakaci rubutun zai riƙe wasan. Inda ba ta a rubuce, ba abin da zai hana fitowar minti biyar ta zama ta minti ashirin idan ɗan wasa ya ji jama'a suna dariya. Sai ka rubuta ƙashin bayan kowace fitowa: su wa ke ciki, me dole ne ya faru kafin a fita, tsawon lokacin da aka ba ta, sannan ka yi yarjejeniya da 'yan wasa a kan jimla guda ko motsi guda da zai zama alamar rufewa. Tsakanin farko da wannan alama su yi yadda basirarsu ta ba su. Kundin bai ƙwace musu 'yanci ba, ya ba mai fitila abin da zai jira ne.

Sai tafiyar da gwaji. Ka riga kowa zuwa da aƙalla rabin awa, ka auna girman dandamalin da za a yi wasan, ka shata shi a ƙasan ɗakin gwaji da alli ko salatif mai launi, har da ƙofofi da matakala. Jadawali kuma ka gina shi a kan rayuwar mutanenka: lokutan salla su shiga ciki tun farko, a san yadda za a yi da azumi idan ya ratso, kuma a tashi da wuri yadda mata za su isa gida kafin dare ya yi nisa. Hutu ma a rubuta shi. Ƙa'idar Equity ita ce minti 5 bayan kowane minti 55 na aiki, ko minti 10 bayan minti 80. Ba dokarmu ba ce, amma ma'auni ne mai kyau, kuma kai ne mai duba agogo, domin darakta idan aiki ya yi daɗi ba ya ganin lokaci. Bayan kowane gwaji ka rubuta gajeren rahoto a daren, ka tura wa masu sutura da kaya da fitila da sauti, ko ta WhatsApp ne. A ciki ka faɗi abin da ya canza kawai: an ƙara kujera a fitowa ta biyu, rigar sarki tana buƙatar aljihu. Ra'ayinka game da wanda ya iya wasa da wanda bai iya ba ba shi da gurbi a rahoto.

Matsalar da ta fi damun matasa a wannan aiki ita ce girma. Yaya yaro ɗan shekara ashirin da biyar zai ce wa dattijon da ya yi wasa tun kafin a haife shi ya makara? A nan ma rubutu ne mafita. Idan an karanta ƙa'idojin gwaji a ranar farko, kowa ya amince a gaban darakta, to ba kai kake magana ba, takarda ce. Ka same shi a gefe, ka rusuna ka gaishe shi, ka ce: "Baba, jadawali ya sa ku ƙarfe huɗu, gobe in turo a ɗauko ku ne?" Kada ka gyara wa babba a bainar jama'a, kada kuma ka ɗaga murya a kan ƙarami. Kuma kada ka zama mai kai gulmar 'yan wasa wurin darakta. Ranar da suka gane haka, ba wanda zai sake gaya maka cewa ba shi da lafiya ko bai haddace ba, alhali wannan labari ne kake buƙata kafin kowa.

Idan an koma ainihin dandamali, sai a yi gwajin fitila da sauti. Kowane canji ka ba shi lamba a gefen shafi, daidai kalmar da zai faɗo a kai. Umarni kashi biyu ne: gargaɗi da zartarwa. Kamar rabin shafi kafin lokaci ka ce, "Fitila ta bakwai, a shirya," mai fitila ya amsa. Idan lokaci ya yi ka ce, "Fitila ta bakwai, tafi." Kalmar zartarwa ita ce ta ƙarshe kullum, kuma ba a furta ta a wata hira ta daban muddin wasa na gudana, don kada hannun wani ya motsa a banza. Mai cewa ai ba mu da na'urar kunne ta magana da juna, amsarsa ita ce tsarin bai dogara da na'ura ba: kiran waya da abin sawa a kunne, ko ɗaga hannu don shiri da sauke shi don zartarwa, duk suna aiki. Abin da ya kamata ka ƙara, wanda littattafan waje ba su cika damuwa da shi ba, shi ne shafin ɗaukewar wuta: wa ke tsaye a wurin janareta, an zuba mai, minti nawa yake ɗauka ya tashi, kuma 'yan wasa su tsaya cik ne ko makaɗi ya rufe giɓin. A gwada wannan sau ɗaya da gangan kafin ranar wasa. Idan a fili za a yi bayan La'asar, ka lissafa tsawon wasan daga Magariba ka dawo baya.

Ranar wasa ka kira 'yan wasa a lokuta sanannu. A Ingila kiran rabin awa ana yin sa ne minti 35 kafin a fara, domin masu fitowar farko su kasance a wurarensu minti biyar kafin lokaci. Kafin a shigo da jama'a ka zagaya da ƙafarka ka taɓa kowace ƙofar fita, ka tabbatar tana buɗuwa kuma ba a jibge benci a bakinta ba, ka duba wayoyin wuta da abin kashe gobara. Gobarar gidan wasan Iroquois a Chicago a 1903 ta kashe kusan mutum 600, ta silima El-Duniya a Kano a 1951 ta kashe sama da 300. Ko mai shirya taro ya matsa a rufe ƙofa saboda masu shiga ba tikiti, ka sa mai gadi a bakinta, kada ka yarda da kwaɗo.

Saura batun abinci, wato ko sana'ar tana ciyar da mai ita. Wasan dandamali kaɗai da wuya ya riƙe mutum shekara guda a Arewa, kuma ba amfani a ɓoye wannan. Amma gwanintar tana tafiya. Kannywood kanta daga ƙungiyoyin wasa ta fito, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma mai lura da ci gaban fim daga fitowa zuwa fitowa aikin kundi yake yi. Haka bukukuwan al'adu, taron ba da kyaututtuka, da shirye-shiryen talabijin na kai tsaye, duk suna neman mai jera abubuwa minti bayan minti. Wasu suna tsoron cewa idan sun rubuta komai za a iya maye gurbinsu, sai su riƙe sirrin wasa a ka. Wannan lissafi bai fita ba: wanda wasa ke rushewa idan zazzaɓi ya kwantar da shi, sau ɗaya ake ɗaukarsa aiki. Saboda haka kafin ka fara kowane aiki ka nemi yarjejeniya a rubuce: nawa ne, yaushe za a biya, kuɗin mota da abinci a kan wa, kuma kwanakin gwaji suna cikin lissafi, domin a nan mafi yawan wahalarka take. Ka ajiye rasit na duk abin da ka saya da kuɗin ƙungiya. Bayan wasan ƙarshe ka mayar da kayan aro ga masu su a cikin mako, ka gyara kundin ka miƙa wa ƙungiya, ka nemi izininsu ka riƙe kwafi. Idan ka je neman aiki na gaba, kwafin nan za ka buɗe a gaban darakta, ka nuna masa shafin fitila da shafin ɗaukewar wuta.