Ciwon Gaɓoɓin Yatsu Lokacin Ɗaukewar Al'ada: Matakai Shida na Samun Sauƙi

Mata da dama a unguwar Arkilla ta Sakkwato, 'yan shekara 45 zuwa 55, kan wayi gari yatsu sun ƙage, matse wanki ya gagara, muciya ta yi nauyi. Akan ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa amosanin gaɓɓai ne: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan yatsu ne ya zaizaye. Ya fi kama mata, musamman lokacin da al'ada ke ɗaukewa, sinadarin istirojin ya ja baya, kuma akan gaje shi. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma zafin yana raguwa, hannu ya ci gaba da aiki, in aka bi matakan nan daki-daki.

1. Ki tabbatar da irin ciwon. Amosani yakan kama gaɓar da ke kusa da farce, da ta tsakiyar yatsa, da gindin babban yatsa, har ƙulli mai tauri ya fito. Ƙagewar safe ba ta cika wuce minti 30 ba. In kuwa tana kai awa guda, ga kumburi a wuyan hannu da tushen yatsu a hannu biyu, ga kasala, to wataƙila wani ciwon ne da garkuwar jiki ke jawowa, kuma maganinsa daban. Ki ga likita a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

2. Ki gasa, ki motsa. Da safe, musamman da hunturu, ki tsoma hannu a ruwan ɗumi na minti 10. Sai ki dunƙule shi a hankali ki buɗe, sau 10. Ki taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, sannan ki shimfiɗa tafi a kan faifai ki ware yatsun ki haɗe. A yi kullum. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi za su nuna miki atisayen da ya dace da hannunki.

3. Ki sauƙaƙa wa hannun aiki. Ki naɗe mariƙin muciya da na wuƙa da tsumma don ya yi kauri. Tukunya da hannu biyu ake ɗauka, ba da kan yatsu ba. Jarkar ruwa, da jan guga, da daka, a bar wa yara. In gindin babban yatsa ne ke ciwo, ki nemi abin ɗaure shi da ake bayarwa a asibiti, ki riƙa sawa lokacin aiki ko da dare. Sai an yi watanni ake ganin amfaninsa.

4. Ki fara da maganin shafawa. Man Diclofenac shi ne maganin farko, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. A shafa sau 3 ko 4 a rana. Dabara ita ce ki shafa bayan alwala da sallah, don kada ruwa ya wanke shi nan take. Kada a sa a kan rauni, kada ya shiga ido ko abinci.

5. Ƙwaya sai da izinin likita. Farasitamol kan ɗan taimaka. Ibuprofen da Diclofenac na haɗiya sun fi ƙarfi, amma na 'yan kwanaki ne, kuma suna da haɗari ga mai gyambon ciki, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda. Ki guji ƙwayoyin haɗi da ake ƙullawa a leda a kemis. Akan sa Prednisolone ko Dexamethasone a ciki, masu kumbura fuska, su tayar da sukari, su raunana ƙashin da ɗaukewar al'ada ta riga ta fara rage wa ƙarfi. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa ga guringuntsi. Maganin mayar da istirojin kuwa don zufar dare da jin zafin jiki ake bayar da shi, ba a ɗauke shi maganin amosanin hannu ba.

6. In duk wannan bai wadatar ba, ki koma asibiti. Likita na iya yin allura a cikin gaɓar da ta kumbura, sauƙinta na ɗan lokaci ne. Tiyata ce ta ƙarshe: a cire ɗan ƙashin da ke gindin babban yatsa, ko a manne gaɓar da ta lalace.

Gaɓar da ta yi ja farat ɗaya, ga zafi ga zazzaɓi, ba ta jiran gobe. Maigida da 'ya'ya, ku karɓi aikin ƙarfi daga hannun Inna, ku kai ta asibiti tun yatsun ba su karkace ba.