Rijiya da Shadda Ba Sa Maƙwabtaka

Kowace damina sai hukumomin lafiya na Babban Birnin Tarayya sun yi shelar a kula da ruwan sha, musamman tun annobar kwalara ta 2021 wadda ta ci rayuka sama da 3,000 a faɗin Najeriya, Abuja ma ba ta tsira ba. Ruwan famfo na madatsar Usuma bai kai ga gidaje da yawa a Mpape, Lugbe da Gwagwa ba, don haka jama'a suka dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. To, wajibi ne mai haƙa rami ya san abin da ke tafiya ƙarƙashin ƙafarsa.

Idan an yi ruwan sama, wani ya bi kwata, wani ya nutse ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa har ya kai inda kowace kafa ta cika. Nan ne mahaƙi yake cewa ya tarar da ruwa. Daga nan ruwan yana ta gangarawa sannu a hankali daga tudu zuwa kwari. Tun 1856 wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya gwada da yashi ya nuna cewa saurinsa ya dogara ga gangara da yadda ƙasar ke ba da hanya. Tsakuwa kamar rariya take, ka zuba ya wuce. Yashi kamar mataci ne na matar da ke tace gasara, ya bar ruwa ya riƙe dusa. Yumɓu kuwa kamar randa ce, sai dai ta yi gumi a baya. Amma yawancin Abuja a kan dutse take, irin na Aso, ruwan kuma yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsage-tsagen da ke ƙasa. Tsagaggiyar randa ba ta tace komai.

Ga haɗarin nan. Mai gida ya gina ɗakunan haya goma a ɗan fili, ya haƙa shadda da sokawe a lungu, ya haƙa rijiya taku biyar daga wurin. Da an kunna injin jan ruwa, ruwa zai nufo rijiyar ta kowace fuska, har da fuskar shadda, kuma bai san katangar maƙwabci ba. Wani zai ce ruwansa garau yake. Ai ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta; famfon da ya hallaka ɗaruruwan mutane a Landan a 1854 mutane har yabon ruwansa suke yi. Wani zai ce burtsatsensa mai zurfi ne. In ba a toshe wuyan bututun da siminti ba, ƙazantar sama ta jikinsa za ta sulale har ƙasa. Ma'aikatan tsafta sukan ce a bar aƙalla mita 30 tsakani, rijiya kuma ta kasance ta wajen tudu.

Juji, baƙin man gareji da takin zamani su ma suna nutsewa, a nisanta su. A rufe bakin rijiya, a rataye guga, a tafasa ruwan sha, a kai shi gwaji.

Masallaci da coci duk sun hana cutar da maƙwabci. Mai gidan da ya yi ƙyashin buhu biyu na siminti, ya bar 'ya'yan masu haya suna shan abin da suka kasayar, kada ya fake da ƙaddara ranar da aka kwashe su zuwa asibiti. Sakacinsa ne, kuma za a tambaye shi.