Ta Zo Ta Ɗaya, Me Ya Sa Aka Ɗora Mata Laifi?

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko mana da tambaya kan zaɓen Birtaniya na 2017. Ya ce ya karanta cewa zaɓen bai fitar da gwani ba, alhali jam'iyyar Firaminista Theresa May ce ta fi kowa kujeru. To me ya sa ita aka ɗora wa laifi, aka yi ta yabon Jeremy Corbyn wanda ya zo na biyu? Kuma shin irin inkonkulusif ɗinmu ne na Najeriya?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Bari mu fara da ta ƙarshen, don a nan mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Inkonkulusif da muka sani, irin wanda hukumar zaɓe ta bayyana a zaɓen gwamna na Kano da Sakkwato da Bauci a Maris na 2019, yana nufin ba a gama ba: an soke ƙuri'u a wasu rumfuna, tazarar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe a wuraren ba, sai a koma a ƙarasa. A Birtaniya kuwa an kaɗa, an ƙirga, an sanar da kowace mazaɓa. Abin da ya rage shi ne babu jam'iyyar da ta samu fiye da rabin majalisa.

Can ba a zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. Kowace mazaɓa tana tura wakili ɗaya, kujeru 650 ke nan, kuma wanda ya tara 326 shi ke da rinjaye. Ranar 8 ga Yuni 2017 jam'iyyar May, wato Conservative ta masu ra'ayin riƙau, ta tashi da 317. Labour ta Corbyn ta samu 262. Ka ga May ta zo ta ɗaya, amma ba ta da hannayen da za su ɗaga mata doka ta wuce ba tare da ta roƙi wani ba.

Yanzu ga inda laifin ya samo asali. Babu wanda ya tilasta mata yin zaɓen. Ta gaji rinjaye daga David Cameron wanda ya gabace ta, kujeru 330, kuma wa'adin majalisa sai 2020. Ta sha faɗa da bakinta cewa ba za ta kira zaɓen gaggawa ba. Sai a watan Afrilu ta fito ƙofar gidan gwamnati ta ce ta sauya shawara, tana son ƙarin ƙarfi kafin ta zauna da Tarayyar Turai kan ficewar Birtaniya. A lokacin ƙuri'ar jin ra'ayi na nuna ta ba Labour tazarar kusan maki 20. Garin neman gira aka rasa ido.

Kamfen ɗin ma a kanta aka gina shi, sunanta ya fi na jam'iyya fitowa. Ta ƙi zuwa muhawarar talabijin, ta tura ministarta Amber Rudd. Sannan ga wani tsari da ta shigar kan kuɗin kula da tsofaffi, wanda ya sa mutane suka ji tsoron za a cinye darajar gidajen iyayensu wajen biyan jinya. Cikin 'yan kwanaki ta janye, tana kuma cewa babu abin da ya canja. Tsofaffin nan su ne ƙashin bayan jam'iyyarta.

Da ƙarfe goma na daren zaɓe, da gidajen talabijin suka sanar da hasashen farko, nan take aka gane ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Canterbury, mazaɓar da ta shafe kusan shekara 100 a hannun Conservative, ta koma Labour. Kensington, unguwar masu hannu da shuni a Landan, ta suɓuce da ƙuri'a 20 kacal.

Akwai abin da nake ganin ba a yi mata adalci a kai ba, kuma ya kamata ka sani. Jam'iyyarta ta samu sama da kashi 42 cikin 100 na ƙuri'u, fiye da kusan kashi 37 da Cameron ya ci rinjaye da shi a 2015. Sai dai Labour ma ta yi tsalle zuwa kashi 40, domin ƙananan jam'iyyu sun zube. A siyasa ana auna mutum ne da abin da ya yi alkawari. May ta yi alkawarin gagarumar nasara ta dawo da raguwa. Corbyn kuwa 'yan majalisarsa 172 sun taɓa kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa a 2016, ana jiran ya sha mummunan kaye, sai ga shi da ƙarin kujeru 30. Shi ya sa magoya bayansa suka yi murna kamar su suka ci.

Za ka ce, to me ya hana jam'iyyar ta tsige ta nan take? Sun so, amma sun duba gabansu. Tattaunawa da Turai za ta fara cikin kwana goma sha ɗaya, babu magajin da kowa ya yarda da shi, kuma rikicin shugabanci na iya jawo sabon zaɓe wanda Corbyn zai iya lashewa. Sai aka nemi waɗanda za su ɗauki kayan: manyan mashawartanta biyu, Nick Timothy da Fiona Hill, suka ajiye aiki kwana biyu bayan zaɓe. Ita kuma ta je gaban 'yan majalisarta ta amsa cewa ita ta jefa su cikin wannan hali, ita ce kuma za ta fitar da su. Daga nan ta ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa mai kujeru 10: su mara mata baya a kasafin kuɗi da duk ƙuri'ar da za ta iya kifar da gwamnati, yankinsu kuma ya samu ƙarin fam biliyan 1.

Kujerar ta tsira, ikon ne ya tafi. A Disamba 2018 'yan jam'iyyarta suka gwada cire ta, ta sha da ƙuri'a 200 a kan 117. Majalisa ta yi fatali da yarjejeniyarta ta fita daga Turai har sau uku. A Mayu 2019 ta sanar da murabus, muryarta na rawa, Boris Johnson ya karɓa a Yuli. Da ya kira nasa zaɓen a Disamba ya samu kujeru 365, Labour ta faɗi warwas, kuma a daren nan Corbyn ya ce ba zai sake jagorantar jam'iyyarsa zuwa wani zaɓe ba.