INA GISHIRIN YA TAFI?

Yara, ku samo ƙoƙo biyu, ku zuba ruwa a cikinsu. Ku sa gishiri kaɗan a na fari, ku sa yashi a na biyu, sa'an nan ku motsa. Yashi zai koma gindin ƙoƙo ya kwanta, amma gishiri sai ku neme shi ku rasa. Ku ɗanɗana ruwan, harshenku zai shaida muku yana nan. Ruwa ne ya rarraba shi mitsi-mitsi, har ido ba ya iya ganinsa. Wannan shi a ke kira narkewa.

Ku riƙe sunaye uku. Ruwa shi ne mai narkarwa, gishiri shi ne mai narkewa, abin da su biyun suka zama kuwa shi ne narkakken haɗi. Ruwa ya kan narkar da abubuwa masu ɗimbin yawa, amma ba duka ba. Man gyaɗa sai ya taso sama, ƙullun koko kuwa in an bar shi sai ya kwanta. Ƙarfin ruwa kuma yana da iyaka. Lita ɗaya ba ta narkar da gishirin da ya wuce kamar giram 360, sauran sai ya zauna a ƙasa.

Iyayenmu mata a Kafin Hausa sun daɗe da sanin wannan hikima. Su kan jiƙa kanwa don miya. Su kan kuma zuba toka cikin kasko mai huji, su kwarara mata ruwa. Ruwan ya ɗauke gishirin da ke cikin tokar, ya ɗiga ƙasa, ya bar dusar a sama.

Abin da ruwa ya ɗauka, rana ta kan karɓe. A Bilma, cikin ƙasar Nijar, ruwan gishiri ya kan taru a ramummuka. Zafin rana ya shanye ruwan, gishiri ya rage, a yi kantu da shi, Abzinawa su ɗoro wa raƙuma zuwa ƙasar Hausa.

Shuka ba ta da haƙori. Sai taki ya narke cikin ruwa tukuna saiwar gero ta sha. Kifayen Kogin Haɗeja kuma da iskar da ta narke cikin ruwa su ke numfashi.

To, amma ku yi hankali. Ruwa garau ba lalle ba ne ya zama mai tsabta. Maganin ƙwari na gona ya kan gauraya da ruwa ba a gani, tacewa da ƙyalle ba ta fid da shi. Saboda haka kada a wanke mazubinsa a kududdufi ko a bakin rijiya.

Narkakken haɗi kuma ya kan ceci rai. In gudawa ta kama ƙanenku, a tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a narkar da sukari cikin ƙaramin cokali shida, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti.

TAMBAYOYI

1. Cikin ruwan kanwa, wanne ne mai narkarwa, wanne ne mai narkewa?
2. Yaya mutanen Bilma su ke raba gishiri da ruwa?
3. Don me ba a wanke mazubin maganin ƙwari a bakin rijiya?