Jini na riƙe da lissafin suga, ido ke biyan bashin

Masu ciwon suga da ke zuwa ɗakin duba ido daga Wanke da ƙauyukan Tsafe da Bungudu, yawancinsu sai gani ya fara dishi-dishi suke tahowa. Ka tambayi dattijo yaya suga, sai ya zaro 'yar takarda daga aljihun gaba ya ce, "Likita, jiya aka soke ni a kemis, an ce lafiya lau." Gaskiyarka Baba, amma awon ɗan yatsa labarin wannan safiyar kaɗai yake bayarwa. Wanda ya ƙaurace wa tuwo da shayi mai siga kwana biyu zai iya yi masa wayo.

Akwai awon da ba ya cin wannan dabara. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai ɗaukar iskar numfashi, wato himoglobin. Suga yakan manne masa, ba ya saki har ƙwayar ta mutu bayan kwana 120 ko kusa. Shi ya sa awon HbA1c, mai auna yawan wannan mannewar, ke tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 cikin ɗari ake cewa akwai ciwon. Yawancin manya ana so su zauna ƙasa da 7. Binciken DCCT na Amurka da Kanada, wanda ya fito a 1993, ya nuna riƙe suga da kyau ya rage haɗarin kamuwar ido da kashi 76 cikin ɗari ga masu nau'in ciwon na farko. Sai dai mai sikila, da mai ƙarancin jini, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, su faɗa tun kafin a ɗiba, don sakamakonsu na iya yaudara.

A can bayan ido kuwa, in suga ya toshe ƙananan jijiyoyin jini, tantanin gani yakan saki wani furotin, VEGF, don a tsiro da sababbi. Sababbin ba su da ƙwari: su yi yoyo, su fashe, jini ya rufe gani. Allurar da ake yi cikin ido wannan furotin take daƙilewa. Masana na ta neman furotin ɗin jini da zai yi gargaɗi tun da wuri, amma har yau babu wanda ya maye gurbin leƙa bayan idon.

Wannan leƙen ake gudu, alhali ba zafi. Za a ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, a haska fitila. Gani zai yi hazo na 'yan sa'o'i, don haka kada ka zo kai kaɗai a kan babur. Babba da aka ce yana da suga, a duba shi tun ranar, sannan duk shekara, ko da yana zura zare a allura. Mai juna biyu da mai hawan jini su fi kowa hanzari. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ta fi kusa. In abin ya kai ga ƙona jijiyoyin da leza, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Tabarau na kasuwa da kwalli ba sa kaiwa wurin da ɓarnar take.