Aure a Baƙuwar Ƙasa: Darasi daga Gidan Akila da Bilkisu

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11, 18-28
Aya ta haddacewa: Irmiya 29:7

Gabatarwa

Watakila kun yi azumi da addu'a shekara da shekaru kafin biza ta fito. Ranar da ta fito kun ba da shaida a sujada, ikilisiya ta ɗaga murya da Halleluya. Yanzu ga ku a Ingila, ko kuwa kuna shirin tafiya. Akwai wata shaida da mutane ba su cika bayarwa ba: gidan da ya zauna lafiya a Jos ko Kafanchan ko Kaltungo yana iya fara tsagewa cikin wata shida a ƙasar waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darasinmu na yau zai nuna maka inda tsagar take farawa, da yadda Allah yake toshe ta.

1. Su ma baƙi ne

Akila Bayahude ne, mutumin Fantas, yana zaune a Roma da matarsa Bilkisu, wadda wasu fassarori suke kira Firiskila. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, sarki Kalaudiya ya kori Yahudawa daga Roma. Suka bar gida da abokan ciniki, suka sauka a Koranti, babban birnin kasuwanci mai cike da gumaka da fasikanci. Daga nan suka bi Bulus zuwa Afisa, daga baya kuma muka same su a Roma (Romawa 16:3-5). Sau shida aka ambace su a Sabon Alkawari, ba a taɓa kiran sunan ɗaya a bar ɗaya ba. Gari ya canza sau da dama, amma auren bai girgiza ba. Allahn da ya riƙe su yana nan da rai.

2. Idan kiɗa ya canza

Yawancin 'yan'uwanmu da suka tafi Ingila ta hanyar aikin jinya, matar ce take da bizar aiki, mijin kuma ya bi ta. Zamansa a ƙasar ya rataya a kan takardarta. Mutumin da yake malamin makaranta ko dattijon ikilisiya a gida, yanzu yana jera kaya a kanti, ko yana gida da yara. Ita kuma tana aikin awa goma sha biyu, wani lokaci dare take kwana a asibiti. Babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a bar wa jariri, kuɗin gidan reno kuwa yana iya cinye rabin albashi.

Ɗan'uwa, ba albashi ne ya naɗa ka kan gida ba, don haka ƙarancinsa ba zai sauke ka ba. Ubangijinka ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa (Yahaya 13), bai kuwa daina zama Ubangiji ba. Idan ta dawo daga aikin dare ta tarar ka dafa abinci, ka yi wa yara wanka, ba ka zubar da girmanka ba, ka cika shi ne.

'Yar'uwa, kada bizar da Allah ya ba ki ta zama bulala a hannunki. Ranar da kika ce masa, “Ni na kawo ka ƙasar nan,” kin yi masa raunin da zai daɗe bai warke ba. A cikin wurare shidan nan, sau huɗu sunan Bilkisu ne ya zo kafin na mijinta, duk da haka ba mu ga inda ta raina shi ba, ba mu kuma ga inda ya yi kishinta ba. Tare suke ɗinkin alfarwa, tare suka ja Afolos gefe suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah.

3. Tsoro yana haifar da ƙarya

Yunwa ta kai Abram Masar (Farawa 12:10-20). Tun kafin su shiga, tsoro ya sa ya ce wa Saraya ta faɗa ita 'yar'uwarsa ce. Ya sami tumaki da shanu da raƙuma, amma an kai matarsa gidan Fir'auna. Ba domin Allah ya sa hannu ba, da gidan ya rushe.

Dokokin shiga ƙasa suna ƙara tsauri. A Maris 2024, an hana sababbin masu zuwa Ingila aikin kula da tsofaffi kawo mata ko miji da yara. Saboda irin wannan matsi, za ka ji wanda zai ba ka shawara ka ɓoye aurenka, ko ka yi auren takarda da wata. Kada ka karɓa. Takardar da aka saya da ƙarya, da kwanciyar ranka za ka biya ta. Haka ma kuɗi. 'Yan'uwa a gida suna jiran aike, kuma taimakon iyaye umarnin Allah ne. Amma wanda yake aika wa danginsa a ɓoye, yana haƙa rami a tsakar ɗakinsa. Ku zauna ku rubuta haya, haraji, abinci, zakka, da abin da za a aika wa kowane ɓangare.

Ka san wannan kuma: duka ba hukunci ba ne, zunubi ne a gaban Allah, laifi ne kuma a dokar ƙasar. A Sikotilan tun 2020, a Wales kuma tun 2022, ko yaro ba a yarda a mara ba. Wanda ake cutarwa a gida ya nemi taimako, kada ya yi shiru da sunan haƙuri.

4. Ku kafa bagade, ku buɗe ƙofa

Ta bakin Irmiya, Allah ya gaya wa waɗanda aka kai Babila su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su roƙi zaman lafiyar birnin. Bai ce su zauna jiki a Babila, zuciya a Urushalima ba. Kada duk hirarka ta zama a waya da mutanen gida, matarka kuma tana gefe kamar baƙuwa.

A watan Disamba rana takan faɗi a London kafin ƙarfe huɗu. Idan ka tuna da gargaɗin Afisawa 4:26 game da fushi da faɗuwar rana, ka ga a can dole a shirya da wuri. Ko minti goma ne tsakanin fitarka da shigowarta, ku riƙe hannu ku yi addu'a. Akila da Bilkisu sun mai da gidansu wurin taron masu bi (1 Korantiyawa 16:19). Ku nemi ikilisiya mai koyar da Maganar Allah, ku kuma sami dattawan ma'aurata da za ku iya gaya wa gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Wane aiki ne a gidanku kake ganin ya fi ƙarfin girmanka? Me Yesu zai ce?
2. Akwai kuɗi ko magana da kake ɓoye wa abokin aurenka? Yaushe za ka faɗa?

Addu'a

Ya Uba, kai ne ka haɗa mu, kai ne kuma ka buɗe mana hanya. Ka gafarta mini girman kai da ɓoye-ɓoye. Ruhu Mai Tsarki, ka cika gidanmu da salama. Na tsauta wa kowane ruhun rabuwa da raini da kaɗaici. Aurena ba zai mutu a baƙuwar ƙasa ba, zai zama shaida. Cikin sunan Yesu, Amin.